Motar Baba Mai Sitiyari a Hagu

Ƙatti ne suka turo motar zuwa ƙofar gidanmu, kaji na bin ta a baya suna kuka don an raba su da gidan gado. Baba ya yi shekaru yana tuƙa babbar motar wani kamfanin sayen fata tsakanin Sakkwato da Gusau. Da Baturen kamfanin ya sallame shi, sai ya haɗa masa da tsohuwar motarsa ta Amurka, mai buɗaɗɗen kai, wadda ta daɗe a gindin dogon yaro tana ruɓewa. Bature bai faɗi dalilin sallamar a gaban mutane ba, amma kowa a gidanmu ya sani. Yanar ido ce ta fara rufe idon Baba. Babu dai mai furtawa, har Inna.

Motar ba ta da tayar kirki, tamfol ɗin da ake ja a rufe kanta ya zama tsumma, kuma na rantse a cikin kujerar baya na tarar da ɓeraye har da limaminsu. Baba ya shafa ƙeyarta ya ce za ta tashi.

Wani makaniki Bayarabe daga Sabon Gari shi ya kama aikin. Kullum da hantsi yana zuwa a kan keke da ƙunshin sifanu, ya shige ƙarƙashinta, ba ka ganin komai sai tafin ƙafarsa. Abin da babu a gari ya sa maƙera su ƙera. Baba ya kai wa dukawa kujerun suka lulluɓe su da jar fatar akuya, har yau in na ji warin jima sai na tuna da ita. Aka yi mata fenti ruwan madara. Damina biyu ana abu ɗaya, har Inna ta daina tambayar yaushe za a gama.

Ranar da ta tashi, ba ta yi ihu irin na manyan motoci ba. Gurnani ta yi can ƙasa-ƙasa, kamar sa ya ƙoshi. Tsawonta kuwa, hancinta na isa kasuwa gindinta bai gama sallama da mutanen gida ba. In aka naɗe tamfol baya, iska ta dinga dukan fuskarka, kana kishingiɗe kowa na ganinka, sai ka ji kamar garin nan kaf gadonka ne. Baba da ya yi wata da watanni ba ya fita sai masallaci, ya koma sa rawani.

Abu ɗaya ne da ita. Sitiyarinta a hagu yake, mu kuwa a wancan lokacin hannun hagu muke bi, don haka direba yana can gefen kwata, ba ya hango mai tahowa sosai. Baba ya riƙe wannan gam. Duk wanda ya tambayi abin da ya sa kullum nake zaune kusa da shi, sai ya ce, “Motar Amurka ce. Dole sai da ɗan kallo a dama.”

Ni ne idon. Ina magana ƙasa-ƙasa ba tare da na juya kai ba: jaki a hagu, mai tallan nono a gaba, rami, saki, taka. Da farko na ɗauke shi wasa, ina ƙara gishiri. In ce masa giwa ce ta tare hanya, ya ce, “Kai, ɗan nema, giwa ta zo cin kasuwa?” Mu yi dariya. Amma wata rana da rana tsaka, a hanyar gonakin Mabera, raƙumi na tsaye a gabanmu da kayan gero ya cika hanya, Baba ya ce, “Mi ag gaba?” Daga ranar na daina giwa.

Inna ta tare ni a madafa ta ce, “In ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka ce cikinka na ciwo.” Na yi ciwon ciki ya fi a ƙirga. Sai Baba ya zauna cikin motar a ƙofar gida, hannunsa a kan sitiyari, har ciwon ya gaji ya warke.

Ana saura kwana kaɗan bikin samun mulkin kai, mai unguwarmu ya aiko cewa yana son Baba ya kai shi filin taro da dattawa biyu. Ba a cewa mai unguwa a’a. Kuma ba a sa shi a baya yaro na gaba. Baba ya jinjina maganar ya ce, “Allah shi kai mu.”

Da safen ranar, mai unguwa ya baje babbar rigarsa a kujerata. Dattawa suka zauna a baya. Ni aka ɗora a kan naɗaɗɗen tamfol da ’yar tuta kore da fari a hannu. Daga nan, in zan ce jaki a hagu, sai na ɗaga murya ta bi ta kan rawuna uku, duk titi ya ji ɗa yana nuna wa ubansa hanya. Makaniki na biye da mu a keke, ya sa sabuwar hula, yana gaya wa duk wanda ya kalle mu cewa aikinsa ne.

Baba ya yi tafiyar hawainiya. Ya san hanyar da ƙafarsa, ya san kowane rami. Mai unguwa na ɗaga wa mutane hannu yana cewa, “Direba, taka mana, kada a ci bikin ba mu.” Baba ya ɗan taka.

Kusa da kasuwa, ’yan makaranta suka ɓullo daga wani lungu a jere, ƙanana ƙwarai, suna ƙetare titi da tutocinsu. Fararen kaya a kan farar rana. Motar ba ta rage gudu ba. Na ce, “Baba.” Iyakar abin da ya fito ke nan. Malaminsu ya busa usur, yaran suka ɗauki waƙa, sai Baba ya danne birki da dukkan ƙarfinsa. Rawanin wani dattijo ya faɗo cinyar mai unguwa. Wata ’yar yarinya ta dafa hancin motar da tafin hannunta, ta kewaye ta wuce, ba ta ko daina waƙa ba.

Baba ya murɗa makulli ya kashe injin.

“Mi ya faru?” in ji mai unguwa.

“Ta mutu, ranka shi daɗe.”

Makaniki ya jingine keke ya ɗaga bonet. Ya daɗe yana duban injin da babu abin da ya same shi. Ya leƙo ya dubi Baba, ya dube ni. Sai na ga ya zare wata waya ya cusa a aljihu.

“Oga, laifina ne,” ya ce. “Wannan ba za ta sake tashi ba. Kayanta sai Amurka.”

Mai unguwa ya wanke shi tas a gaban jama’a, ya ce damina biyu ya ɓata wa bawan Allah a banza, ya ce kada kowa a unguwar ya ƙara ba shi ko keke. Makaniki ya cire sabuwar hularsa ya riƙe, yana cewa, “Gaskiya ne, Oga.” Dattawa suka ƙarasa filin a ƙafa. Ni da makaniki muka turo ta gida, Baba na riƙe da sitiyari, ina faɗa masa hanya da ƙarfi, tunda mai turi yana da damar magana.

Ba mu ga an ɗaga tuta ba. Daga nesa muka riƙa jin ganguna.

Da aka kira la’asar Baba ya fito zaure ya tsaya a bakin ƙofa. Na ɗauka takalminsa yake nema. Sai ya miƙo hannu yana laluben iska har ya sami kafaɗata, ya riƙe. Maƙwabta na zaune a kan dakali suna kallo.

“Mu tafi,” ya ce. “Kada ka yi sauri.”