Hannun Yaya a Ɗakin Shanya

Wanki da guga muka gada, ni da yayana, a nan Karaye. Da rani sana'ar ba ta da wata dabara: ka wanke, ka shanya, rana ta ƙarasa maka aikin kyauta. Da marka ake gane mai wanki. Sai a kwana huɗu sama na tsiyaya, riga na kan igiya tana warin danshi, mai ita kuwa ya aiko maka cewa gobe Juma'a, kamar kai ka hana rana fitowa.

Don haka muke da ɗakin shanya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da kasko a tsakiya, a zuba garwashi a yayyafa masa toka, a kife babban kwandon kara a kai, a shimfiɗa riga bisa kwandon. In wuta ta yi kaɗan, riga ta wuni ba ta bushe ba, ta kwashi hayaƙi. In ta yi yawa, fari ya koma ja, shi kuwa wannan ja babu sabulun da ke fitar da shi. Ma'aunin wutar hannun Yaya ne. Yakan zura bayan hannunsa na dama ƙarƙashin rigar, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a zuci. In ya janye kafin ya gama, a ƙara toka. In ya gama hannun bai ce masa komai ba, a ƙara gawayi. Ni ba a tambayar hannuna. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, amma a ɗakin nan ra'ayina bai fi na kwandon ba.

Shekarun yaƙin Turawa ne, yadi ya yi wuya. Wanda ya ba ka rigarsa ya ba ka mutuncinsa ne, don yawanci ba shi da ta biyu. Abin da muke ci da shi kuwa magana ɗaya ce da ake faɗa a gari: Yaya bai taɓa ƙona ko hula ba. Ranar da aka daina faɗar haka, gida biyu za su koma neman abin yi.

A markar shekarar ɓarna ta fara mana da wandon wani falke na Beli. Ƙafa guda ta yi ja kamar an jiƙa ta da ruwan goro. Yaya ya juya wandon ya sake juyawa, ya ce laifin gawayi ne, an haɗo mana da na ƙirya irin na maƙera, mai zafin tsiya. Na zubar da buhu guda, na samo na marke. Bayan kwana biyar rawanin wani malami na Turawa ya bi sahu. Garin Turawa na nan kusa da mu nake nufi, waɗancan masu jajayen kunnen ba sa naɗi. Malam ya karɓi rawaninsa ya ce ƙaddara ce, amma bai sake aiko da wanki ba, ƙaddarar ta koma da shi wajen wani.

Daga nan aka shiga binciken kowa da komai. Yaya ya ƙwanƙwasa kasko, ya ce ya tsage, iska na shiga ta ƙasa tana hura wuta. Ya kuma ce kaskon kirki sai na wata tsohuwa mai ginin tukwane a Rogo. Na taka har Rogo cikin taɓo, na dawo da shi a ka kamar mai kai lefe. Aka ce kwando ya lotsa, muka ɗora shi kan duwatsu uku. Aka ce ƙofa ce, muka rataya asabari. Da kayan ɗakin suka ƙare, zargi ya sauka a kaina: wai ina ƙara gawayi a bayan idonsa. Na ji haushi ƙwarai, har na kwana biyu ba na ce masa komai bayan gaisuwa.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka kawo farar riga mai aska takwas ta muhuti, wato magatakardan alƙali. Wannan in ta ƙone, ba sai an yi shela ba. Muka wanke, muka matse, muka shimfiɗa. Ina sunkuyawa na ji zafi ya mare ni a fuska. Yaya ya zura hannu, leɓensa na motsi, ya gama ƙafa ukunsa a natse.

"Ƙara gawayi," in ji shi.

"Yaya, ina jin ta isa."

"Kana ji ne, ko ka sani?"

Ban taɓa yi ba, amma ran nan na zura nawa hannun. Ko bisimilla ban kai ƙarshenta ba na fizge shi. Na yaye rigar daga kan kwandon, ban jira izini ba.

Ya dube ni kamar zai yi faɗa. Sai ya ɗaga kwandon, ya sa bayan hannunsa kan bakin kaskon, don ya nuna mini ragwantata. Yana tsaye yana kallona, ni ina kallon hannun. Ƙauri ne ya sanar da shi. Da ya ɗaga, fatar ta riga ta tashi fari fat, shi kuwa ko tsaki bai yi ba, don bai ji komai ba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna mini wani tabo jaja-jaja a damtsensa, ya ce tun bazara yake ce wa matarsa ƙyasbi ne. Babu wanda ya ambaci kuturta a cikinmu. Mun ga masu ita da yawa, mun kuma san ba a kai musu wanki.

"To, an gano abin da ya lalace," in ji shi. "Ka yafe mini tafiyar Rogo."

Na ce babu komai. Na rage wutar da kaina, rigar muhuti ta bushe lafiya lau, na goge ta, shi yana zaune a bakin ƙofa da hannu cikin ƙwaryar ruwa.

Da azahar matarsa ta miƙo mana fura a zaure, ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, yadda muke sha tun muna yara. Ya sha nasa da hannun hagu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya miƙo mini ludayin. Na dubi ludayin, na dubi yatsunsa. Tsoro ne ya kama ni, ba zan ba shi wani suna ba.

Na ce, "Na ƙoshi, Yaya."

Ya ce, "To."

Washegari furar ta fito da ludayi biyu. Shi ne ya ce a kawo su, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya. Yau na haura shekarun da ya yi, har yanzu kunyar wannan ƙoshin nake ji.