Matar da Ta Tumɓuke Shukar Yayarta

Kafin raɓa ta bushe a kan ganye, Verna Holscher ta riga ta ajiye tsohuwar a-kori-kurarta a bakin gonar wani, ta kurɓe sauran kofinta, ta shiga tsakanin kunyoyi. Haka take yi daga watan Mayu har a gama ɗiban shammam, ɗan uwan kankana, shekara da shekaru, a wannan yanki namu mai rairayi na kudancin Indiyana. Ƙungiyar manoma ce ta ɗauke ta aikin duba gonaki. Ba ta sauri. Takan sunkuya ta juya ganye, ta leƙa cikin fure, tana neman ɗan ƙwaron nan mai ratsin baƙi da rawaya. In ta ga ganye guda ya langaɓe alhali 'yan uwansa na tsaye, sai ta zaro 'yar wuƙa daga aljihu.

Duk manomin shammam a nan ya san abin da ke biyo baya, kuma gabansa ya sha faɗuwa a kai. Takan yanke yaɗon kusa da gindi, ta haɗa bakunan biyu ta matse, sannan ta raba su a hankali. In sun rabu ƙalau, to da sauƙi. In kuwa wani siririn zare fari ya miƙe a tsakaninsu kamar yauƙin kuɓewa, magana ta ƙare. Cuta ce, ƙwayoyinta a hanjin ƙwaron suke ɓuya duk tsawon lokacin sanyi. Ya ci ganye, ya yi kashi a kan raunin, shi ke nan sun shiga. Daga nan sai su bi 'yan hanyoyin da ruwa ke bi a jikin shuka, daga ganye zuwa kara, daga kara zuwa kowane reshe, suna hayayyafa har su toshe hanya. Ƙasa jiƙe sharkaf, shuka kuwa tana mutuwa da ƙishirwa. Ba ta da magani, sai dai a tumɓuke ta kafin wani ƙwaron ya ci ya kai wa ta kusa.

To wa ke son mai kawo irin wannan labari? A shagon shan kofi na bakin hanya, da an hango motarta sai wani ya ce, "Ga Verna can, a ɗauko akwatin gawa." Ita kuma ba ta barin ta kwana. Takan ce, "Kai dai je ka wanke wannan hular taka, warinta kaɗai ya isa ya kashe gona." A yi dariya, a watse, amma ba na tuna ranar da wani ya ce mata sannu da aiki. Kaico! Alhali an gan ta ta tare motar feshi da rana tsaka, hannu a ƙugu, saboda ƙudan zuma na cikin fure. An gan ta ta koma gonar baƙin da suka zo kwanan nan bayan ta tashi daga aiki, tana nuna musu yadda ake yankan da hannunta, tunda ba sa jin yaren juna sosai.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bana, shekararta ta ƙarshe a aiki, a bayan gidan mijin yayarta.

Yayar, Maxine, ita ke riƙe da irin shammam na gidansu, wanda kakarsu ta bar wa uwarsu. Ba a sayar da shi a ko'ina. Ɗan ƙarami ne mai kaushin baya, in ya nuna ƙamshinsa kan cika kicin. Kowace shekara Maxine takan shuka rabi ta ajiye rabi a kwalba, don haka ake yi, ba a zuba iri duka a ƙasa. Da ciwo ya kwantar da ita aka daina shukawa, irin ya yi ta tsufa a ajiye har ta rasu. Mijinta Orval Dellinger, mutumin da ya tsufa a noman masara da waken soya, ya ji tsoron kada irin ya mutu a kwalba. Sai ya juye shi kaf a ƙasa, bai rage ko ƙwaya ba.

Sun tsiro kuwa, ba duka ba. Sun yi yaɗo, sun fara fure. Ana shiga watan Yuli sai ganye ya fara yaushi da rana. Orval ya ja tiyo ya yi ta malala musu ruwa, da safe ya tarar sun miƙe, ya ji daɗi. Haka cutar take yaudarar mutum a farko.

Ran nan Verna ta biyo kawo masa burodin da ta gasa, ta hango su daga bakin shinge. Ta shiga ta zaro wuƙarta. Ta yanka guda, ta haɗa, ta raba, zaren ya miƙe.

"Orval, ka rufe famfon nan. Ba ƙishirwa ba ce."

"Kin fara ko? Ki zo da safe ki gan su tsaye cas."

"Na sha ganinsu tsaye da safe. Wannan da waɗancan na gefen shinge sun tafi. In ba a cire su yau ba, sauran ma binsu za su yi."

"Na Maxine ne fa, Verna."

"Ni za ka gaya wa? A kan gado ɗaya muka tashi da ita."

Ya jefar da tiyon. "Kin gama kashe na mutanen gari, yanzu kin zo kan na gida. To na rantse, in kika taɓa su kada ki ƙara taka min ƙofa."

Verna ta dubi shukokin. Tana iya juyawa ta tafi, ba wanda zai ga laifinta, ba gonar ƙungiya ba ce. Sai dai ta san in ta tafi, irin kakarta ya ƙare daga wannan shekara. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta kama gindin na farko ta fizge. Maƙwabciyar Orval da ke shanya ta ce Verna na tumɓukewa tana cusawa a baƙar leda hawaye na zuba, ba ta ko share su ba. Orval ya shige gida ya bugo ƙofa.

Ke ce, Verna, kika yarda a tsane ki don abin ya rayu. Ke ce kika lulluɓe sauran da farin yadi mai shara-shara don kada ƙwaro ya sauka. Da yake yadin ya hana ƙudan zuma shiga, ke kika zama zumar: kullum da sassafe kina zagayowa ta bayan shinge, tunda an hana ki ƙofa, ki tsinki namijin fure ki goga a kan macen, ki mayar da lulluɓi, sannan ki wuce gonakin mutane. Duk wannan da hannun da ya fara rawa, rawar da ta sa likita ya ce ki ajiye aiki.

Abin baƙin ciki, wasu sun riga sun kamu tun kafin a rufe su, cutar na tafiya a ciki ba a gani. Yau wannan ya langaɓe, jibi wancan. Tana cirewa, Orval na kallo ta tagar kicin, ba ya fitowa. Har ya rage gindi ɗaya tak, ɗauke da 'ya'ya biyu da suka girma amma ba su kai ga nuna ba.

Wata safiya ta ɗaga yadin ta ga ganye guda ya sunkuya a shi ma. Ta yanki reshen. Ta yi ta ƙoƙarin haɗa bakunan, hannun ya ƙi tsayawa, sai kaucewa suke yi. Tana cikin haka ta ji mutum a bayanta.

"Ba ni ɗaya," in ji Orval. "Ke riƙe wancan."

Ya haɗa nasa da nata, ya danna, ya ja baya a hankali. Su biyun suka ga zaren.

Orval ya karɓi wuƙar. Ya yanke 'ya'yan biyu ya miƙa mata, sannan ya sunkuya ya tumɓuke gindin da hannunsa. Suka ajiye su a inuwa har suka ɗan yi laushi, aka fasa, aka wanke irin aka shanya. Cutar ba ta bin iri, wannan kam an sani. Abin da ba a sani ba shi ne ko irin ya ƙosa, don wasu ƙwayoyin fayau suke, ba nauyi. Kuma sun yi kaɗan da za a ɓata wasu wajen gwaji. Sai an shuka baɗi za a gani.

Makon jiya aka yi mata walimar sallama a zauren coci, da soyayyar kaza da dankali. Masu kiran akwatin gawa duk sun zo, sun yi tsuru-tsuru kamar ba su ba. Mun gode, Verna, ko da yake godiyar ta makara. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, ku koya daga gare ta: in kun ga ciwo ku faɗa, ko a gonar wa yake, sannan kada ku faɗa ku wuce, ku tsaya a yi jinyar abin da ya rage da ku.

Ana kwashe kwanuka Orval ya shigo da kayan gona a jikinsa. Bai gaisa da kowa ba. Ya je gabanta, ya kama hannun nan mai rawa, ya zuba mata rabin irin a tafi, ya naɗe mata yatsu a kai, ya riƙe da nasa hannuwan biyu don kada ya zube.

"In nawa sun mutu," ya ce, "kada ki shuka naki duka."