Shekara Bakwai Babu Dije Mai Man Kaɗe

Shekara bakwai ke nan, a farkon damina irin wannan, da Allah Ya karɓi ran matata Hadiza, wadda matan Gummi suka fi sani da Dije mai man kaɗe. Ni malamin firamare ne, ban saba rubutu a jarida ba. Wani baƙo da ya sallama mini a makon jiya shi ya tayar mini da abin da na daɗe ina dannewa. Amma kafin in zo kansa, sai na fara da laifina.

A shekarar 2010 muna zaune a ƙauyenmu na ƙasar Anka, ba nisa da Dareta. Zinariya ta bayyana, kowa ya ruga, ni ma na bi. Nakan ɗauko dutse a buhu a bayan babur in sauke a tsakar gida, a farfasa shi, a daka a turmin da Dije ke dakan hatsi. Ƙurarsa ta kwanta a kan tabarma, a kan randa, a kan komai. 'Yarmu ta fari, Safiya, tana rarrafe a ciki tana kai hannu baki. Ran nan Dije ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, wanga dutse da kaka kawo muna, ni dai hankalina bai kwanta da shi ba." Na yi dariya, na ce ai ƙasa ce kawai. Damina ba ta ƙare ba Safiya ta fara jijjiga. Kwana uku ta yi, ta rasu. Sai daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, aka kankare ƙasar gidajenmu aka kwashe.

Dije ba ta taɓa cewa ni na jawo ba. Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Gummi, ta tattara kayanta ta biyo ni, turmin kaɗai ta bari. A can ta sa aka sassaƙa mata sabo, ta koma sana'ar da ta koya wurin Innarta. Za ta dafa ƙwarar kaɗe, ta shanya, ta fasa, ta soya, ta daka, sannan ta zauna ta yi ta bugun ƙullun da hannu har man ya taso fari a kan ruwa. Da farko maƙwabta ne ke saye don shafa wa jarirai. A hankali aka fara aiko mata daga Bukkuyum da Anka. Ni na rubuta mata 'yar takardar da take mannawa a jikin kowane ƙoƙo: Man Dije.

Tana da ƙa'idodin da nake gani a lokacin kamar wahalar da kai ce. Ba ta zuba mai a leda ko roba, sai a ƙananan ƙoƙuna, wanda ya shanye nasa ya dawo da shi a wanke a sake cikawa. Ɓawon ƙwarar shi ne makamashinta. Dusar da ta rage takan kwaɓa ta shafe gindin katanga saboda gara. Matan wata ruga da ke wajen Adabka su ke tsinto mata ƙwara, babbarsu wata dattijuwa Inna Jabu, kuma sun san sharaɗinta: abin da ya faɗo da kansa za a tsinta, ba a kaɗa reshe, a kuma bar wa ƙasa nata don wani ya tsiro. Sau biyu tana sa hijabi ta je wurin mai gari a kan masu sare kaɗe suna yin gawayi.

Akwai ranar da ba na mantawa. Dije ta kwanta zazzaɓi, sai wata mai taya ta aiki, don ta rage mata wahala, ta kwashi soyayyiyar ƙwara, kusan rabin abin da aka tara a daminar, ta kai inji aka niƙa. Da Dije ta ji, ta tashi da zazzaɓinta ta tafi wurin mai injin. Ta sa yatsa a bakin injin ta shafo, ta ga wata ƙura mai launin toka. Mutumin bai ɓoye mata ba, ya ce wasu masu haƙar zinariya sun kawo masa dutse shekaranjiya, amma ya wanke. Ta dawo gida ta sa aka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, don a binne ƙullun gaba ɗaya. Na ce mata, "Haba Dije, ko manya a sayar wa, ai ba sha za su yi ba." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "In uwa ta shafa ma jikinta, ɗanta ya tsotsa fa, Malam?" Na karɓi shebur na binne da hannuna, ina jin kamar ƙasar a ƙirjina nake zubawa.

Ciwon ƙoda ne ya tafi da ita, cikin wata huɗu. Ban tambayi likita abin da ya jawo ba, domin ina tsoron amsar. Allah bai sake ba mu haihuwa ba bayan Safiya.

Baƙon da na ambata saurayi ne mai ladabi, daga birni ya zo. Ya ce mahaifiyarsa har yanzu tana maganar Man Dije, yana son in ba shi izinin amfani da sunan. Ya nuna mini a wayarsa hoton farar roba mai zanen koren ganye, an rubuta cewa man yana kare muhalli. Na tambaye shi daga wane daji ƙwarar take, wa ya tsinta, a ina aka niƙa. Ya ce gaskiya bai sani ba, a durom yake sayo man a kasuwa. Na ba shi haƙuri. Da ya tafi sai na riƙa tunanin da Dije ce, ba za ta sallame shi haka ba. Shimfiɗa masa tabarma za ta yi, ta zaunar da shi ta koya masa tun daga farko. Ta fi ni haƙuri da wanda bai sani ba, ni shaida ne.

To amma me za ta nuna masa yau? Inna Jabu da mutanenta sun tashi daga rugarsu saboda rashin tsaro. Na gamu da ita a kasuwar Gummi bara, ta tsufa ƙwarai, ta ce mini, "Ba mu shiga daji yanzu, Malam. Ƙwarar tana zuba tana ruɓewa." Inda mata ba sa iya zuwa da ƙwarya, masu gatari suna zuwa, kuma kaɗe ba itacen da ake shukawa a ga amfaninsa nan kusa ba ne.

Nakan tambayi kaina abin da ya saura na Dije. Akwai yara a garin nan, yanzu sun zama samari da 'yan mata, da aka rene su da manta, ba su kuma san sunanta ba. Wataƙila wannan ya isa. Ni kam ban riƙe amanar yadda ya kamata ba. Jiya na je sayen gawayin girki, don ba ni da wani abin hura wuta. Na tambayi mai gawayin na wane itace ne. Ya ce, "Kaɗe ne, Malam, shi ya fi daɗewa yana ci." Na tsaya na daɗe a gabansa. Sannan na miƙa hannu na karɓa. Na zo gida na hura, na ɗora tukunya, abincin ya nuna, na kasa ci.

Allah Ya haɗa ki da 'yarki a Aljanna, Dije. Ni kuma Ya yafe mini.