Mushe Lawali, mai kai Linux ƙauye a kan babur, ya rasu

Da safen nan ina ɗaura takalmi ƙanensa ya kira ni daga Tanut. Mushe Lawali ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zazzaɓi ne, aka ce. Ban ma san ya kwanta ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin lissafi ne a kolej (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), kuma shi ya fara koya mini Linux. Tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka jingine yake karɓowa, ya kakkaɓe ƙura, ya sa musu Debian, wani nau'in Linux, ya raba wa makarantu da ɗakunan shan magani na karkara.

Mun daɗe muna gardama ni da shi a fada, majalisar hirarmu, kan shayi, a kan wane manajan fakiti ya fi, wato abin da ke sauko da manhaja ya girka ta, ya riƙa sabunta ta. Shi mutumin apt ne na Debian. Ni da na je karatu Damagaram na dawo da wani nau'in mai suna Arch, ina cika baki da pacman: ga sauri, ga sabon abu kullum.

Bai taɓa kushe shi ba. Har dnf na Fedora yabonsa yake, ya ce yana son yadda yake ajiye tarihin abin da ka girka, in ka yi kuskure ka koma baya. Sai dai ya tambaye ni, da wane rezo na intanet malamar asibitin ƙauye za ta riƙa sauko da sabuntawa kowane mako?

Shi dabararsa daban. In ya shiga Damagaram sai ya sauko da fakitocin da duk abin da suka dogara a kai, ya zuba a kile, wato filas na USB, ya hau babur. Har Tenhya yana zuwa, har Ollelewa.

Wata shekara ana dab da rigakafin yara, kwamfutar wani ɗakin shan magani ta ƙi tashi, sunayen yaran duka suna ciki. Ya tafi cikin damina, babur ya kafe, ya ƙarasa a amalanke. Ya gyara ta, rigakafi bai tsaya ba. Cuku aka ba shi tukuici, ya kawo fada muka cinye.

Ganina na ƙarshe da shi ran kasuwar Belbeji ne, watan jiya. Ya shigo shagona, ya ja kujera, ya ce in nuna masa pacman ɗin nan da kyau. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon allo, ya yi murmushi, ya ce lallai abin da sauri.

Na ce, to Mushe, yaushe za ku dawo wajenmu?

Ya ce, "Kai kanka kake zaɓar wa, Sani. Ni ina zaɓar wa wadda ba zan sake gani ba sai bayan damina."

Na raka shi bakin hanya, ya ce in gaida Inna.

Allah ya jiƙan Mushe Lawali, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Jana'iza bayan azahar ce a gidan mahaifinsa; yanzu zan kama hanyar Tanut.