Maɓallan da Na Kai wa Likita

Sau biyu na yi ɓari kafin in cika shekara ashirin da huɗu, kuma duka biyun da hannuna a ciki, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mini haka a ido. Tun ina budurwa nake fama da wani ciwon ciki mai taurin kai: gudawa da jini da majina, ya lafa wata uku, ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. A unguwarmu Dutse Uku kowa da sunan da ya raɗa masa. Wannan ta ce atuni, waccan ta ce basir, wata ta rage murya ta ce sammu ne. Sai a asibiti wani likita Ba'indiye ya duba ni, ya ce hanjina ne ke kumbura yana yin gyambo, ba ya warkewa ɗungurungum amma ana kwantar da shi. Ya ɗora ni kan wasu ƙwayoyi masu rina fitsari ya koma rawaya.

Ƙwayoyin suna yi mini aiki. Amma da na ga na yi ɓatan wata sai in jefa su ƙarƙashin gado, don duk matan layinmu sun san mai ciki ba ta haɗiyar ƙwayar Bature. Ciwo ya taso, in rame in zama kamar kara, ciki ya fita. In aka tambaye ni jiki a asibiti in ce da sauƙi. To me zan ce? In zauna gaban namiji, ba ubana ba, ba mijina ba, in zayyana masa zuwana bayan gida? Allah ya sawwaƙe.

Ciki na uku ya shiga da damina, a ƙarshen shekarun saba'in ɗin nan. Ranar awo na haɗu da wata nas 'yar asalin duwatsun nan, Kirista, gajera mai faɗa, wadda Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji.

"Madam, kunya zai kashe ka," in ji ta. "Oga likita ya ce ciwon ne yana fitar da ciki, ba magani ba. Ka ci gaba da sha, ka haɗa da wannan ƙaramin na ƙarin jini. Kuma ka gaya mana sau nawa a rana, da jini ko babu."

Na ce bakina ba zai iya ba. Ta ce in rubuta. Na ce ban yi boko ba, ɗinki na iya.

"To ka ɗinka mana," ta ce, ta kira matar da ke bayana a layi.

Gatse ta yi mini, ni kuwa na ɗauke shi da gaske. Da na isa gida na juye maɓallan ɗinkina, na ware farare da jajaye. Duk fitowa daga bayan gida in jefa ɗaya a gwangwanin madara: fari in ba jini, ja in da jini. Da safe in zura na jiya a zare in ƙulle. Bayan mako biyu na jera wa likita zare goma sha huɗu a kan tebur. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya har da cire tabarau. Wallahi ranar nan da ƙafar alfahari na koma gida.

Matsalata Inna ce, uwar maigidana. Shi direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya, daga ni sai ita, langa-langa ne kawai tsakanin ɗakina da nata. Tsohuwa ce da ta ƙare ƙuruciyarta a wankin kuza a Naraguta, ga ƙarfi ga kafiya. Da ta ga launin fitsarina ta ce shawara ce, ƙwayar nan za ta dafa mata jika. Muka yi ta kai ruwa rana. Ranar da ta kai ni bango na ce, "Inna, sau biyu na bi taku. Wannan karon a bar ni in bi tasu." Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.

A wata na shida ciwon ya motsa. Zaren kowace rana ya yi tsawo, ya yi jajir. Tsoro ya kama ni: kada a kwantar da ni, kada a ce sai an cire cikin, kada kuma Inna ta ce da ma ta faɗa. Safiyar ranar awo na zauna bakin gado ina zare jajayen ina zubawa a aljihun keken ɗinki. Sai ga ta da kwanon koko.

"Me kike ragewa?"

"Gyara nake yi, Inna."

"Gyara." Ta ajiye kwanon. "Jiya sau tara na ji ƙarar gwangwanin nan. Tsufa ya ci mini ido, bai ci kunne ba. Ni har gobe ban yarda da ƙwayarsu ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mayar da su."

Na mayar ina kuka, don haushi da kunya. Ita ta ƙulle zaren a bakin zanenta, ita ta shige gaba har asibiti, ita ta baje su gaban likita. Nan take aka ba ni gado. Kwana goma sha biyu na yi, aka ƙara mini wani magani, aka ƙara mini jini. Kullum Inna na tafe da gwaten acca ba yaji, tana mita tana ba ni a baki. Kafin a sallame ni zaren ya gajarta, jan ya koma ɗai-ɗai, daga baya ya ɓace.

Na haihu a kan lokaci. Mace, 'yar ƙarama, amma muryarta har ɗakin awo. Da maƙwabta suka kawo kunun kanwa na jego, Inna ta tare ƙofa ta ce hanjin nan ba na kanwa ba ne, likita ya hana. Likita bai ma san da zancen ba, ita ta yanke.

Rigar suna ni na ɗinka da hannuna, fara ƙal, na jera mata jajayen maɓallan nan guda tara daga wuya har ƙasa. Mata suka yi ta tsiya, wai wace tela ce ke cika wa jaririya riga da maɓalli haka, sai ka ce kaftanin alhaji. Inna ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya, ta bi maɓallan da yatsa tana motsa baki, har ta kai na ƙarshe.

"Ku ƙyale ta," ta ce. "Daidai ne. Tara na ji."