Ƙuri'ar da Aka Dangwala a Tsakiya

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, ina koyarwa a lakol, wato makarantar bokon ƙauyenmu, can ƙasar Guci, aka zo zaɓen shugaban ƙasa, da yake ƴan boko ba su da yawa a wajenmu sai aka sa ni cikin ma'aikatan zaɓe, a ajina ma aka ajiye akwatin. Aikina tawada ne, duk wanda ya jefa ƙuri'a sai ya biyo ta gabana in kama hannunsa in tsoma masa yatsa. Ku riƙe wannan, don tun safe har aka rufe ban gusa ba, salla ma sai da aka dakatar da layi na yi ta a bakin ƙofa.

Amma bari in fara gaya muku wane ne Yaya Lawali. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana yaro lauje ya tsaga masa babban yatsan dama wajen yankan ciyawa, ya warke da tabo mai rassa uku kamar sawun kaza, shi kuwa ya mai da abin ado, duk yaɓen da ya yi sai ya danna yatsan a ɗanyar laka, har yau akwai ɗaya a bakin ƙofar Innarmu. Ga shaƙiyanci, duk zaɓe a kan layin da ya raba hotunan ƴan takara biyu yake dangwalawa, ya fito yana dariya wai ya raba musu ne kada su yi faɗa. Ya tafi ci-rani Aljeriya, motarsu ta ɓata a sahara, waɗanda suka tsira suka ce ya tafi neman ruwa bai dawo ba. Shekaru suka shuɗe ba amo ba labari. Dangi suka yi ta lallashin Inna ta bari a yi masa sadaka, ta ce ita ba ta yi wa mai rai sadakar mutuwa, kullum da yamma sai ta cika farar moɗarsa da ruwa ta ajiye a bakin ƙofa. Ba ta ci, ba ta barci, motsi kaɗan ta leƙa waje. Halinta ya fi ci mini rai fiye da rashin nasa, don ina kallo tana ƙarewa a tsaye.

To, da aka rufe zaɓe bayan magariba muka haɗa teburan yara, aka kunna fitila, aka buɗe akwati a gaban kowa aka juye. Mutanen gari sun cika tagogi har iska ba ta shigowa. Da farko aka ƙirga takardun a ninke, aka gwada da yawan waɗanda suka jefa, suka zo daidai, ba ragi ba ƙari. Sannan aka shiga buɗewa ɗaya bayan ɗaya: ni in warware in ɗaga, shugaban rumfar, wani dattijo Malam Isufu, ya faɗi wanda aka zaɓa, sakatare ya ja layi da alli a allo, in sun kai huɗu ya gitta na biyar. Wakilan jam'iyyu kuwa, delege muke ce musu, mutum biyu da na gani da idona suna cin tuwo a kwano ɗaya da rana, yanzu sun zama zakaru, kowace takarda sai sun tsura mata ido kamar za su cinye ta.

Mun yi nisa na warware wata, sai na ji sanyi a yatsana. Tawadar ɗanya ce shar, alhali duk sauran sun bushe tuni. Na duba, dangwalen yana kan layi, tsakanin hotuna biyu, ga farin sawun kaza kwance a cikinsa, rassa uku cif. Jama'a, sai na tsaya riƙe da ita ban ɗaga ba.

"Mushe, ɗaga ta mana, ko aljani ka gani?" in ji delege ɗaya, da yake Mushe ake kiran malamin lakol a wajenmu.

Na ɗaga, rigima ta kaure. Wannan ya ce ta fi karkata wajen nasa, wancan ya ce sai dai in makaho ne zai faɗi haka, takarda tana yawo hannu zuwa hannu, ni kuwa idona na binta, zuciyata na ta raya mini in ta dawo in cusa ta a hannun riga in kai wa Inna. Amma in ƙuri'a ɗaya ta ɓace lissafi ba zai cika ba, a ce mun yi maguɗi, a soke na ƙauyen duka, ni kuma in kwana hannun jandarma. Kuma in na kai mata me zan ce? Yana raye, ya shigo gari ya wuce ƙofarta? Ai na ƙara mata jira ke nan har kabari.

Da ta iso hannun Malam Isufu na matsa kusa na ce a hankali, "Baba, ka san yatsan nan?" Shi ne Yaya Lawali ya yaɓe wa rumbu kafin ya tafi. Ya kai ta kusa da fitila ya ƙura wa dangwalen ido.

"Ƙuri'a ba ta da suna, Mushe," ya ce. Sannan ya ɗaga murya, "Lalatacciya ce."

Ya sa ta cikin ambulan ɗin lalatattu, da aka gama aka liƙe, kowa ya sa hannu, aka ɗora a babur aka yi komin da ita, wato ofishin ƙaramar hukumarmu. Ban san yadda na ƙarasa aikin ba, sai juya hannuwan mutane nake a raina, wa na riƙe, wa ban duba da kyau ba, alhali kowa a ƙauyen nan na san shi na san ubansa.

Na isa gida bayan lisha na tarar da Inna zaune a tabarma bakin ƙofarta, moɗar tana kan cinyarta babu ruwa. Ban buɗe baki ba, ban gaya wa kowa ba, sai ta ce, "An ƙirga da shi?"

Na ce, "A'a, Inna, cikin lalatattu aka sa ta."

Ta kife moɗar, ta ce, "To. Gobe ka gaya wa kawunnanka a yi sadakar."

Ranar ta yi barcin da rabonta da shi tun tafiyarsa, ni kuwa ido biyu na kwana. Da safe na ɗauki moɗar zan wanke, ga tabon tawada a gefenta da sawun kazar nan, na goge da toka, na goge da yashi, bai fita ba. Na tambaye ta wa ya sha ruwan, ta ce in bar wa Allah abinSa, har ta rasu ba ta ƙara tada zancen ba. Na daɗe ina leƙen babban yatsan duk wanda muka gaisa da shi, har a kasuwar Guci ana ce mini Mushe ya fara duba.

Ni dai ban sake karɓar aikin zaɓe ba. In an sa ku ƙirga, ku yi bismilla kafin a juye akwati, ku dubi inda aka dangwala ku wuce, kada ku tsaya karanta yatsan. Kuma in kuna da wanda ya tafi bai dawo ba, ku yi masa addu'a tun yau, kada ku bari sai ya zo da kansa.