Mai Jiran Ruwan Sama a Tashar Mota

Kowace safiya Qiao Lanfen takan saki balan-balan ɗauke da na'ura, ya hau sama ya auno iska da raɓa, a haɗa hasashen yanayi da abin da ya aiko. Yau ta tashi aiki, tana jiran mota a tasha, sai idonta ya faɗa kan wani tsoho.

Yana tsaye gaban talabijin ɗin tashar yana jiran hasashen yanayi, hula a hannu. Tafukansa duk sun tsattsage, jar ƙasa ta zauna a faratansa zaman dindindin. Ko ba a faɗa ba, mai buga bulo ne. Sai murza babban yatsa yake a tafin hannu, yadda ake danna ɗanyen bulo a ji ko ya sha iska.

"Kawu, shekara shida da rufe wurin gasa bulonku," in ji mai sayar da tikiti, "ruwan me zai ɓata maka?"

"Kai dai sayar da tikitinka! A da, da hadari ya haɗo, ni da matata Guizhi muke fita a guje da tabarmi, mu rufe bulo dubu huɗu kafin ɗigon farko. Kullum ita ke riga ni."

Bai ce ina Guizhi take ba. Babu wanda ya tambaya.

Talabijin ta ce rana tangaran har mako guda. Tsohon ya sa hularsa, ya fita yana duban gabas.

Lanfen ta san hasashen daidai ne, da hannunta ta saki balan-balan ɗin. Shekara ashirin tana wannan aiki, sai yau ta so a ce sun yi kuskure.